Yadda Na Duba Jirgin Legas da Cokali

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da kuwa na so, domin akwai wata mata a Baure da ta ɗauki nauyin tuna mini duk sallah: ranar da aka ce in kwantar wa surukata hankali a jirgin sama.

Ni bakanike ne. Shekara ashirin da biyar ina kwance a ƙarƙashin bas-bas ɗin da ke jigila daga Daura zuwa Kano da Katsina, a wata rumfa kusa da tasha. Ba yabon kai ba, kunnena ya yi suna. Mota tana shigowa, kafin direba ya kashe ta na gaya masa abin da ke damunta. In abin ya ɓuya, sai in kafa tsinin sukudireba a jikin inji, in ɗora kunne a kan mariƙin, in lumshe ido. (Lumshe idon ba ya ƙara komai, amma direbobi suna son ganinsa.)

Akwai wata ƙa'ida ta sana'armu da ya kamata ku sani tun yanzu. Bakanike ba ya cewa bai sani ba, kuma ba ya cewa mota lafiyarta ƙalau. In ka ce lafiya ƙalau, direba zai yi maka wani kallo ya ja motarsa zuwa rumfar gaba. Yadda ake kwantar wa mutum hankali a wurinmu shi ne ka faɗi sunan ciwon, ka ɗan yi shiru, sannan ka ce, "Amma za ta kai ku." Na sha ganin fasinjoji sun cika motar da na ce boris ɗin tayarta ya ci, suna hira suna cin gyaɗa, don kawai na ƙara da cewa za ta kai su. Ni a iya sanina, wannan shi ake kira lallashi.

To, surukata, wadda duk gida ake kira Inna, idonta ya daɗe yana dusashewa, har ta kai sai da murya ko taku take gane mutum. Likita a Kano ya duba ya ce na dama ya riga ya tafi, na hagu ne ake iya cetowa, aikin kuma sai a Legas, kuma kada a yi wasa da lokaci. Ɗanta Kabiru, ƙanin matata, a can yake aiki, shi ya samo rana a asibiti: Talata da safe. Sharaɗi ɗaya likitan can ya kafa, ya kuma nanata shi. Inna tana da hawan jini. In aka auna ranar aka ga ya hau, ba zai taɓa idon ba. Shi ya sa aka ce mota ba za ta yiwu ba, jijjigar hanya kaɗai ta isa ta tayar da shi. Jirgi za a hau ranar Litinin, ta huta, washegari a yi aiki.

Matata tana wankan jego a lokacin, ba halin tafiya. Sai Kabiru ya bugo mini waya.

"Yaya, kai ne ka san inji. Inna ba ta gani, kunne kawai gare ta, jirgi kuwa akwai ƙara iri-iri. Duk abin da ta ji ka gaya mata mene ne, ka kwantar mata da hankali. Shi ke nan aikinka."

Na ce masa ya bar mini wannan. Ban taɓa shiga jirgi ba, ban taɓa ganinsa a ƙasa ba ma, sai dai ya wuce ta saman rumfa in ɗaga kai. Amma na ce a raina inji ai inji ne.

Sai kuma maganar surukuta. Matata ce 'yar fari, don haka shekara goma sha shida da aurenmu Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa yi mini magana kai-tsaye ba. In na je gaisuwa ina durƙusawa a bakin ƙofa, ita tana can ƙuryar ɗaki, ta ce wa duk wanda ke kusa, "A ce masa sannu da zuwa." Sai a ce mini, alhali na ji. Ni ma in mayar ta hannun wannan mutumin. Saboda haka dole a samu wanda zai zauna a tsakaninmu a jirgi, aka kuwa ɗauko ƙanwarta, Iya Ladi, daga Baure.

Iya Ladi ita ake kira guɗa a bukukuwan garinsu da ƙauyukan kewaye. Ba ta da ƙaramar murya, an nema an rasa. In ta ce za ta yi maka raɗa a tsakar gida, maƙwabta ne ke amsawa ta kan katanga. Babu wanda ya yi wannan lissafin a cikinmu.

Muka isa filin jirgi na Kano da hantsi. A wurin bincike aka karɓe 'yar sukudirebar da ke aljihuna kullum (ban ma san na taho da ita ba). Muka shiga. Inna aka ba kujerar taga, wadda ba ta da wani amfani a wurinta, Iya Ladi a tsakiya, ni a bakin hanya. Inna ta ciro carbinta, ɗayan hannun ta damƙe hannun kujera da shi.

Jirgi bai gama juyawa ba sai ga wata ƙara daga ƙarƙashin ƙafafunmu, wuf-wuf-wuf, kamar an rufe kare a cikin durom.

"Ladi," in ji Inna a hankali, "a tambaye shi, mene ne wannan?"

Iya Ladi ta juyo. "Baban Ummi, Yaya ta ce mene ne wannan?"

Wallahi ban sani ba. A duk shekaruna ban taɓa jin inji ya yi haushi ba. Amma bakina ya riga ya saba da aikinsa, bai jira ni ba.

"Ki ce mata famfon mai ne yake jan iska. Ya ɗan gaji." Na yi shirun nan na ƙa'ida. "Amma zai kai mu."

Iya Ladi ta juya ga yayarta, wadda kunnenta bai fi taƙi ɗaya daga bakinta ba.

"Yaya, ya ce famfon mai ne ya gaji, amma zai kai mu!"

Layi huɗu a gaba, layi huɗu a baya, kowa ya samu wannan bayani. Wani Alhaji mai babbar riga da ke gabanmu ya leƙo ta tsakanin kujeru.

"Malam, kai injiniya ne?"

"Shekara ashirin da biyar," na ce. Ban yi ƙarya ba. Shekarun kawai na faɗa.

Daga nan jirgi ya sheƙa a guje, ya ɗaga hanci, na ji kamar an baro cikina a Kano. Ba mu daɗe da barin ƙasa ba sai ji muka yi gurrr, sannan gum! a ƙarƙashinmu, har kujera ta amsa. In gaya muku gaskiya, ni ma na tsorata. Gumi ya tsattsafo mini a ƙarƙashin hula. Ni kaina a lokacin nan ina bukatar wanda zai gaya mini mene ne, amma duk jirgin ni ake kallo.

"A tambaye shi."

"Ki ce mata wani ƙarfe ne ya saki daga ƙasa. Amma kada ta damu, masu ƙera inji suna zuba ƙarafa fiye da kima. Ni duk injin da na kwance na mayar sai noti uku ko huɗu sun yi saura, motocin kuwa suna nan suna yawo."

Ni na ɗauka na yi bayani mai gamsarwa. Iya Ladi ta ga ya yi tsawo, ta taƙaita.

"Yaya, ƙarfe ne ya faɗi! Ya ce akwai saura!"

Wata mata a bayanmu ta ce innalillahi, ta rungume jaririnta. Carbin Inna ya ƙara gudu, ina jin ƙas-ƙas ɗinsa duk da rugugin jirgin. Wani saurayi mai kwat a ɗaya ɓangaren ya miƙo wuya ya ce, "Baba, ba haka ba ne fa, tayoyi ne." Na yi masa kallon da nake yi wa direban da ya kawo mota yana koya mini aiki. Ya koma ya jingina.

Can sai rugugin injin ya lafa kwatsam, jirgin ya yi kamar ya tsaya yana tunani. Wannan kam na gane shi, ko in ce na zaci na gane. Har wani daɗi na ji. Ban ma jira an tambaya ba.

"Iya, ki ce mata wannan dabara ce ta direbobi. In an samu gangara sai a kashe inji a saki mota, don mai ya isa. Direban nan tsohon hannu ne."

Allah ne shaidata, yabon direban nake yi.

"Yaya, direba ya kashe inji don kada mai ya ƙare!"

Sai salati ya tashi ta ko'ina. Alhajin gabanmu ya sake leƙowa, fuskarsa ta yi wani iri.

"Injiniya, tsakaninka da Allah, a ganinka za mu kai ko Abuja?"

"In ya lallaɓa," na ce.

Inna ba ta ƙara tambaya ba. Na ɗauka hankalinta ne ya kwanta, har ina cewa a raina aiki ya yi kyau, sai Iya Ladi ta zungure ni. "Baban Ummi, jikin Yaya rawa yake." Na saci kallo (ba a ƙura wa suruka ido). Carbin ya tsaya cak. Leɓenta na motsi ba sauti, wata jijiya ta taso mata a goshi. Nan take na tuna sharaɗin likita.

Mai hankali a nan zai yi shiru, ko ya kira masu jirgi. Ni abin da ya zo mini shi ne, a rumfa in mai mota ya ƙi natsuwa, to bai ga an yi masa bincike na sosai ba ne. Sukudireba kuwa an karɓe. Na tuna Iya Ladi tana da cokalin ƙarfe a jaka, wanda take ba Inna magani da shi.

"Iya, ara mini cokalin nan."

Ta miƙo ba tambaya. Na kwance bel ɗin kujera, na cire hula na ajiye a kujera, na durƙusa a tsakiyar hanya. Na kafa mariƙin cokali a kan kafet, na ɗora kunne a bakinsa, na lumshe ido. Goshi a ƙasa, baya a sama, mutum mai shekara arba'in da tara, mai 'ya'ya bakwai. Jirgin ya yi tsit, kowa na jiran sakamako. Abin da nake ji kuwa zuuu ne, ba komai sai zuuu. Na matsa gaba kaɗan na sake kafawa. Nan ma zuuu.

Da na buɗe ido sai na ga tayar keken abinci a gaban hancina, da takalma baƙaƙe a gefenta. Na ɗaga kai. Ma'aikaciyar jirgi ce, yarinya da ba za ta girmi babbar 'yata Ummi da yawa ba, kuma da Hausarta tsaf.

"Baba, wani abu ka yar?"

"A'a. Inji nake saurara."

"Da cokali?"

"An karɓe sukudirebar."

Ta dubi cokalin, ta dube ni. Alhaji ya taso ya taimake ni. "Ki bar shi ya yi aikinsa, 'yata, injiniya ne. Shi ya gano ƙarfen da ya faɗi."

"Wane ƙarfe?"

Ai kuwa Iya Ladi ta karɓe. Ta jero mata famfon da ya gaji, da ƙarfen da ya faɗi, da man da ake tattali, ba ta rage komai ba, ba ta ƙara komai ba. Wannan shaidar dole in yi mata. Waɗanda ke can ƙarshen jirgi da ba su samu labarin da kyau ba a karon farko, yanzu suka samu.

Yarinyar ta dube ni, har yanzu ina durƙushe.

"Baba, a wane kamfanin jiragen ka yi aiki?"

"Ba jirgi ba tukuna."

"To me?"

"Bas."

"Bas?"

"Daura zuwa Kano," na ce. "Da Katsina." (Har yau ban san abin da na zaci Katsina za ta ƙara mini ba.)

"Bas!" in ji Alhaji. "La'ilaha illallahu! Bawan Allah, wallahi na riga na yafe wa mutanen da ban yi niyyar yafewa ba!"

Yarinyar ba ta yi dariya ba, wannan ma ya fi ciwo. Ta tura kekenta gefe, ta ratsa ta gabana, ta sunkuya ta kama hannun Inna da hannu biyu.

"Mama, sannu. Ni a jirgin nan nake aiki kullum. Ba abin da ya faɗi, ba abin da ya gaji. Haushin nan da kika ji tun muna ƙasa wata na'ura ce da ke daidaita man birki da na tayoyi, kullum sai ta yi shi. Gum ɗin da kika ji tayoyi ne suka naɗe suka shige ciki aka rufe musu ƙofa, yadda tsuntsu ke naɗe ƙafa in ya tashi. Inji kuma ba a kashe shi ba. Hawa ne ke cin ƙarfi, da an hau sai a sassauta. Mai kuwa har da na tsaraba muke da shi."

Inna ta saki wata doguwar ajiyar zuciya.

"In mun kusa sauka za ki sake jin gum, tayoyin ne za su fito, iska za ta yi ruri. In mun taɓa ƙasa inji zai yi kuka sosai, birki ne yake taya mu. Zan zo in gaya miki kafin a fara."

Da na tashi a nan na koma kujerata, da abin ya zo da sauƙi. Amma shekara ashirin da biyar ba wasa ba ce. Na gyara murya daga inda nake durƙushe.

"Ai abin da nake shirin faɗa ke nan. Sai dai ita wannan na'urar, yadda na ji kukanta, ba na jin za ta wuce wata shida ba a..."

Sai Inna ta juyo da fuskarta. Ba wajen Iya Ladi ba, wajena.

"Malam."

Shekara goma sha shida ban taɓa jin muryar nan ta nufo ni ba tare da ta bi ta hannun wani ba.

"Don girman Allah, ka yi shiru."

Iya Ladi, da yake aikinta ne kuma ba wanda ya sallame ta, ta juyo.

"Baban Ummi, Yaya ta ce ka yi shiru!"

Jirgin ya fashe da dariya. Har matar nan mai jariri, da hawayenta. Wani daga baya ya ce amin. Na tashi na kakkaɓe gwiwa, na mayar wa Iya Ladi cokalinta, na zauna a kan hulata. Ban ciro ta ba sai da muka sauka, don ciro ta yana bukatar in sake miƙewa a gaban jama'a. Yarinyar ta cika alkawari, ta zo ta sanar da Inna kafin a fara sauka. Gum ya zo, ruri ya zo, kukan inji ya zo, duk yadda ta faɗa. Ni ma da bayanin nata na samu natsuwa, ko da yake ban gaya wa kowa ba.

Amma ɓarnar an riga an yi ta. Talata da safe aka auna jinin Inna sau uku, sau ukun yana sama. Likita ya tambayi Kabiru ko wani abu ya same ta jiya. Iya Ladi ba ta jin Turanci, amma ta gane tambayar, ta nuna ni da haɓa. Aka ɗaga aikin zuwa Litinin mai zuwa, kwana shida. Likitan ya ce zai yi iya ƙoƙarinsa, amma ba zai yi alkawarin idon zai jira ba.

Kwana shidan nan ba zan yi musu wasa ba. Ba wanda ya yi mini faɗa. Matar Kabiru tana kawo mini abinci da ruwan sanyi, tana yi mini sannu. Na gwammace a zage ni. Kowace safiya Iya Ladi takan ɗaga yatsu a gaban idon hagun ta ce, "Yaya, nawa ne?" Ni ina tsaye a bayan ƙofa ina saurare. Ranar Alhamis Inna ta ce uku, alhali biyu ne. Ranar Asabar ta ce ba ta ga hannun ba ma, sai inuwa. Na shiga banɗaki na yi kuka, wallahi na yi. Matar nan ba ta ga fuskar jikanta na ƙarshe ba tukuna, an ba ni aiki ɗaya tak a kanta, in kuma idon ya tafi ni ne, ba hawan jini ba.

Ranar Litinin jinin ya sauka, aka yi aiki. Da aka zo cire bandeji ban iya shiga ɗakin ba, na raɓe a bakin ƙofa. Inna ta buɗe idon a hankali, ta ƙifta, ta daɗe tana kallon Kabiru. Ta ce, "Kai, yaushe ka yi furfura?" Kabiru ya durƙusa ya kifa kai a gadon. Iya Ladi ta ɗaga haɓa za ta saki guɗa, wata nas ta yi tsalle ta rufe mata baki.

Sai idon ya zagayo ya tsaya a ƙofa.

"Ladi, wancan da ke raɓe shi ne?"

"Shi ne, Yaya."

Inna ta kawar da kai, ta gyara mayafinta.

"A ce masa na yafe masa. A ce masa kuma shi a mota zai koma."

Iya Ladi ta isar da saƙon, duk marasa lafiyan ɗakin suka ji, da na ɗakin kusa. A mota na koma, na kuwa ji daɗin tafiyar. Su suka biyo jirgi bayan mako biyu. An ce Inna barci ta yi tun daga Legas har Kano.

Abin da na koya bai taka kara ya karya ba, amma ni sai da na kusan makantar da surukata kafin in koye shi. Mai tsoro in ya ce "mene ne wannan", ba sunan ciwo yake nema ba, so yake ya ji daga wanda ya sani cewa zai isa gida. In ba kai ne wanda ya sani ba, akwai wata magana da ake faɗa: "Ban sani ba, bari a tambayi masu shi." Na gwada ta sau biyu a rumfa tun dawowata. Ba ta kashe ni ba. Direba ɗaya dai ya ja motarsa zuwa rumfar gaba.